Neman Sauran Tatsuniyar Kaka

Tun da na dawo daga ƙasar Faransa, wato wadda ke arewa da mu a hannun Faransawa, bakina bai huta ba. In na fito masallaci a tare ni, in na je sayen goro a tare ni, har mai wankina sai da ya riƙe mini riga ya ce sai na gaya masa ko gaskiya ne can jakuna ma da takarda suke yawo. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, don jiya na ji wai an ɗaure ni a kan iyaka. To, ba a ɗaure ni ba. Ga yadda aka yi. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa wannan ya karanta, in bai iya ba ya zo aji ɗaya in koya masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Lawal, malamin aji biyu a elemantare ta Kankiya, mutumin Ƙofa ta ƙasar Kusada. Bara na ga yarana sun mai da aji wurin gyangyaɗi, sai na ƙago wani darasi. Kowane yaro ya je gida ya roƙi tatsuniya wurin tsofaffinsu, ya zo ya tsaya gaban aji ya faɗe ta da bakinsa, sa'an nan mu kwaɓa yumɓu mu gina waɗanda ke cikinta, mu shafa musu farar ƙasa da jar ƙasa da baƙin gawayi. Bature mai duba makarantu ya gani ya ce madalla. Liman ya gani ya ce gumaka. Na ce, "Allah gafarta Malam, shanun lakan da ka gina kana yaro ina ka kai su?" Ya yi dariya ya ƙyale ni.

Sai dai ni ban iya gini ba. Kurar da na gina yara suka ce tunkiya ce. Dole na nemi kakata, Iya Kyauta, wadda ta haifi babana, maginiyar tukwane ce da duk ƙasar Kusada aka san hannunta. Ran kasuwa in ta kawo tukwanenta sai ta biyo ta makaranta. Ranar farko yara suka ce ita ma ta yi musu tatsuniya, ta ce, "Da rana tsaka? Kuna so in ɓace a kasuwa?" Sai da ta zari tsinken tsintsiya ta ƙulle shi, ta ce ta ɗaure Gizo, yanzu ba abin da zai samu kowa, sa'an nan ta fara.

Tatsuniyar wata yarinya ce da ta je tafki ɗebo ruwa, Dodo ya fizge ƙwaryar uwarta. Ta tsaya bakin ruwa tana waƙa, "Ƙwaryar inna, ƙwaryar inna, ruwa ya ci, ni ban ci ba." Da ta ga kuka ba zai fisshe ta ba sai ta faɗa ruwan, ta tarar da gari a ƙarƙashi, wata farar akuya ta yi mata jagora har ƙofar gidan Dodo. Akuya ta ce, "Yarinya, in kin shiga, kar ki..."

Kaka ta tsaya nan, ta kwance tsinkenta.

Yara suka ce, "Kar ta me, Iya?"

Ta ce, "Nan tawa ta tsaya."

Kai, ranar na ga tashin hankali! Wani ya ce kar ta ci tuwonsa, wata ta ce kar ta waiwaya, wani ɗan banza ya ce kar ta yi tusa. Na ƙirƙiro musu ƙarshe nawa mai kyau, suka ce wannan na boko ne, ba sa so. Suka gina yarinya da ƙwarya da akuya da Dodo mai jan baki da ƙaho biyu, suka jera a kan taga, kowa ya shigo aji sai ya ga akuya da baki buɗe.

Ni kaina sai a lokacin na ji dalili. Ashe Kaka ba haifaffiyar Ƙofa ba ce. A ƙasar Maraɗi aka haife ta tun kafin zuwan Nasara. Wata shekarar yunwa iyayensu suka rasu, ya rage ita da yayarta Kande. Yayar ce take yi mata wannan tatsuniya, ta kai nan ta ce gobe ta ƙarasa. Kashegari kawunsu ya saɓi Kyauta a kafaɗa ya yo kudu da ita, dangin uba suka riƙe Kande. Daga nan ba su sake jin ɗuriyar juna ba, ga shi yau Kaka ba ta da haƙorin tauna goro sai an goga mata.

Ana nan sai wani mai busasshen kifi, Mamman, da ke zuwa kasuwarmu daga wajen Madarumfa, ya ji 'yan makaranta na rera "ƙwaryar inna" a bakin rijiya. Ya tsai da su ya ce ina suka samo waƙar tsohuwar ƙauyensu? Wata makauniya ce, in ji shi, kullum tana zaune gindin tsamiya tana kaɗi tana yin ta, sunanta Kande. Amma fa ya baro ta ba ta jin daɗi, kuma ta tsufa ƙwarai. Da na kai wa Kaka labari sai ta ci gaba da shafe bakin tulu. Can ta ce, "Ni ba ganinta za ni yi ba, sauran tatsuniyata za ni amso." Amma na ga ta naɗe sabon zanenta na saƙi da ta ɓoye shekara da shekaru, ta zaɓi tukunyar da ta fi kowace kyau. Abin da ke raina, na san shi ke nata, ko mu iske tsohuwa, ko mu iske kabari.

Da aka ba da hutu muka shirya. Yara suka ce lalle a tafi da ginin nasu tsohuwar ta gani. Na ce makauniya ce fa, suka ce ai tana da hannu. Aka shimfiɗa ƙaiƙayi a kwando aka jera su.

Motar da muka samu a Kankiya ta gishiri ce, mu fasinja a bisa buhuna. Kaka ba ta taɓa shiga mota ba, amma kada ku ce ta ji tsoro. Tun kafin mu kai Charanci ta gama yi wa direba faɗa a kan gudu, ta kuma yi masa faɗa a kan rashin gudu. Kusa da mu akwai wani wanzami mai surutu kamar kanari, tun da muka tashi yake ba mu tarihin kawunan manyan da ya aske. Mota ta faɗa wani rami, wanzami ya tashi sama, ya dawo daɓas a kan kwandonmu. Muka ji ƙas! Na buɗe, ƙahon Dodo ɗaya ya karye.

Na taso masa haiƙan, Kaka ta ce, "Zauna, maigida, ba da kai aka yi ba." Haka take kirana in tana son ta kunyata ni cikin mutane. Ta juya ga wanzami ta ce, "Kai mai ƙaho ne ko?" Ya ce ƙwarai, ko yanzu tana so ya yi mata kyauta. Ta ce, "Jinina na nan inda Allah ya aje shi. Ka karya ƙaho, ka biya ƙaho." Mota duk ta ɗauki dariya. Bawan Allah ya buɗe zabira ya zaro ɗan ƙaramin ƙahonsa na tsotsar jini ya miƙa. Da muka tsaya shan ruwa Kaka ta samo ƙaro ta jiƙa ta liƙa shi. Dodo ya koma mai ƙaho ɗaya na laka ɗaya na gaske, ya ma fi da ban tsoro.

A Katsina muka sauka gidan abokina Malam Isa, wanda muka yi makaranta tare. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe har da man shanu. Kaka ta ci ta yi santi, sa'an nan ta tashi ta bi randunan gidan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa, ta ce wa matar, "Ɗiyata, wanda ya sayar miki da wagga randa ba ya ƙaunarki." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar kuwa sai ta ce wallahi gaskiya ne, yoyo take, suka zauna suka ƙulle kamar sun shekara tare.

Hanyar Jibiya ba hanya ba ce, rairayi ne aka ba suna. Mota ta kafe, aka ce maza su sauka su tura. Na ce ni malamin makaranta ne, direba ya ce to malam ya tura da ilmi. Farar rigata da na sa don mutanen Faransa su san Kankiya da mutane, kafin mu fita ta koma kalar kunun kanwa.

Gaba da Jibiya muka iske iyaka. Ni da nake koya wa yara ita a taswira da jan layi, na zaci zan ga ko da ganuwa. Ashe sanda ce aka gitta a kan hanya, da 'yar rumfa, da wani ɗan duwan, wato mai binciken kaya na Faransa, da gajeren wando da jar hula. Gonar gero ta wannan gefe ita ce ta wancan gefe. Kaka ta dubi sandar ta ce, "Sa'ad da aka wuto da ni nan babu wannan. Wa ya yar da ita?"

Ɗan duwan ya tambaye ni sana'ata da Hausarsa irin ta can. Na gyara tsayuwa na ce malamin makaranta. Sai ya ƙame ya sara mini ya ce, "A'a, ashe mushe ne! Sannu da zuwa, mushe."

Jama'a, ku ji fa. Ni da raina da lafiyata, na yi salla da asuba, wani ƙato ya dube ni ya ce mini mushe! Na ce, "Wa kake kira mushe? Ka ga ungulu na bina?" Na ce ko a Kankiya da ake raina malaman boko ba a taɓa yi mini wannan ba, a kira mini babbansu. Sai wani falke da ke bayanmu ya ja ni gefe yana ƙunshe dariya, ya ce, "Malam, girmama ka ya yi. Da bakin Faransa haka ake ce wa malamin makaranta, kai har Nasaran kansa." Kaka ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Daga ranar na tashi daga maigida na koma mushe, kuma na san wasunku sun riga sun ji, to duk wanda ya gwada kirana da shi a Kankiya ya kuka da kansa.

Ba mu gama da wannan ba ya buɗe kwando. Ya yaye ƙaiƙayi, suka yi ido huɗu da Dodo. Ya yi baya yana a'uzubillahi, ya ce kayan tsafi ne, ba za su shiga ƙasar kumandan ba, wato Nasaran da ke mulkinsu, a ajiye su sai ya zo ya gani, shi kuwa Nasaran ba a san ranar zuwansa ba. Na yi bayanin darasi, na yi bayanin Bature mai duba makarantu, ya ce Baturenmu ba nasu ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ko an tsare kwando Kaka ba za ta tafi ta bar shi ba, ga tsohuwa can ba ta da lafiya.

Kaka ta ce, "Mushe, kauce." Ta tsinki ciyawa ta ƙulle. Ɗan duwan na ganin haka ya ce, "Iya, tatsuniya za ki yi?" Ta ce, "Ka ga dai na ɗaure shi." Ta jera ginin yara a kan teburinsa, ta ɗauki yarinya ta tafi da ita bakin tafki, ta sa Dodo ya fizge ƙwarya, ta yi waƙar da 'yar muryarta. Fatake suka sauke kaya, masu tallan fura suka matso, ɗan duwan ya tuɓe jar hula ya zauna a kan akwatin wani. Ta kai ƙofar gidan Dodo, akuya ta ce kar ki, ta tsaya.

Ya ce, "Kar ta mi?"

Ta ce, "Shi za mu tambayo, kai ka tsare mu."

Da hannunsa ya mai da su cikin ƙaiƙayi, ya ɗaga sanda ya ce mu yi sauri, amma mu rantse ta nan za mu biyo in mun komo. Da na dawo kuwa sai da ya zaunar da ni a rumfarsa na ba shi saura kaf kafin ya bar ni na wuce. Wannan shi ne ɗaurin da kuka ji an yi mini.

Motar da muka shiga bayan iyaka ta kusa kashe ni da tsoro. Na ga direba ya kama hannun dama ya miƙe, na yi ta buga masa rufi ina cewa ya koma hannunsa. Ashe can haka suke tuƙi, kowa ta dama, ba ta hagu kamar mu ba. A Maraɗi muka sauka gidan wan Mamman mai kifi. Hausarsu irin ta tsofaffinmu ce ta ƙauye, Kaka kuwa sai ga bakinta ya juye, tana "mi" tana "wanga" fiye da yadda na saba ji. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, na ba Kaka ta ce in ajiye mata ko kare zai taso mana. Amma furarsu, in faɗi gaskiya ko da ba na so, ta fi tamu. Gero ne tsantsa da nono mai kauri, ba irin wadda ake tsinka mana da ruwa a tasha ba. Na leƙa makarantarsu, lakwal suke ce mata. Yara tsaf-tsaf, sai dai duk wanda ya yi Hausa a aji ana rataya masa wani ƙashi a wuya ya yini da shi. Na nuna wa mushen nasu ginin yarana, ya daɗe yana juya akuyar a hannu, ya ce shi ma kakarsa ta iya tatsuniya, amma ba shi da bakin da zai kawo ta aji.

Daga nan jakuna muka hau zuwa ƙauyen, gab da tafkin Madarumfa. Tun da muka hango ruwan Kaka ta daina tsokanata. Da muka shiga gari ta ce in tsaya, ta sauka ta gyara ɗaurin zane, ta ce, "Lawal, in ta rasu kar ka bari su hwaɗa mini a tsaye." Rabon da ta kira ni da sunana har na manta.

Muka tambayi wata mata mai daka, ta nuna mana da taɓarya. Ga tsamiya, ga tabarma, ga wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa a jingine, mazari a gefenta ba ta kaɗi. Tana da rai.

Muka yi sallama ta amsa, ta ce baƙi daga ina? Na buɗe baki zan yi bayani, Kaka ta take mini ƙafa. Ta durƙusa ta ɗauko yarinyar laka ta sa mata a hannu. Tsohuwa ta shafa ta ce, "Ɗiya ce." Ta sa mata ƙwarya, ta sa mata Dodo, ta taɓa ƙahon wanzami ta ce, "Wanga kam ya ci ƙaho." Da akuya ta shiga hannunta, ta shafa bakin nan buɗaɗɗe, ta sake shafawa.

Kaka ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Mu nan mukan amsa da ta zo mu ji ta. Su can ba haka suke cewa ba. Tsohuwa ta ɗago fuska ta ce, "Ta je ta komo."

Kaka ta fara, ba ta ko nemi tsinke ba. Da ta zo waƙa suka yi ta tare. Matan gidan suka fito suka tsaya. Ta kai ƙofar gidan Dodo ta ce, "Akuya ta ce, yarinya, in kin shiga, kar ki..." Ta tsaya inda ta saba tsayawa.

Tsohuwa ta laluba ta kamo fuskarta da hannu biyu, ta ce, "Kar ki daɗe. Cewa ta yi kar ki daɗe. Ke kuwa, Kyauta, kin daɗe."

Ban san sa'ad da na fara kuka ba, ni da nake hana yara. Suka rungume juna, mata suka yi ta guɗa, aka aika gona a kira maza. Kafin la'asar an yanka zakara, an kawo kifi, kuma tsofaffin nan biyu har sun fara faɗa, wai Kaka ta ɓata waƙar, ba haka ake jan ta ba. Kande ta shafa kaina ta ce wannan ne mijin namu? Kaka ta ce, "Shi ne, amma mushe ne." Aka sake kwashewa da dariya.

Kashegari da hantsi ta ba mu sauran, yadda yarinya ta shiga, da yadda ta yi wa Dodo wayo ta fito da ƙwarya. Ba zan faɗa muku a nan ba, na yarana ne, su za su tsaya su faɗa in an koma makaranta, kuma sai sun sake gini don nasu na can wurin Iya Kande ta hana kowa taɓawa. Ta kai yarinya har ƙofar gidan uwarta, sai ta ɗauki mazarinta. Na jira in ji ƙurunƙus, ban ji ba.

Na ce, "Iya, ba ki rufe ba. Yara za su tambaye ni."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Wancan karon ma da gangan na bar ta buɗe. Na ji kawu na cewa da asuba zai tahi da ita, ni kuwa yarinya ce, ba ni da abin riƙe ta. Na ce wanda bai ji ƙurunƙus ba ai dole ya komo. Ga ta ta komo. Yanzu kana so in ruhe ta tashi ta bi ka?"

Na dubi Kaka. Ba ta dube ni ba, tana ta murza wata ƙasa da ta ɗebo a bakin tafki tana gwada danƙonta. Ta ce yumɓun nan ba laifi, in gaida babana, in gaida yara.

Ni kaɗai na hau jaki na komo.